Kwalbar da Inna ta yarda ta kalla

Shekarun baya can, muna samari, hoto ba abin wasa ba ne a Kaura Namoda. Sai ka yi wanka, ka ari babbar riga, ka taka har wajen tashar jirgin ƙasa inda mai hoto yake da shago, ka tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama, ka ƙame kamar an kawo ka gaban alƙali. Bayan kwanaki ka koma a miƙo maka wani mutum mai zare ido, a ce kai ne. Yau kuwa mai sayar da rake ma yana fere yana ɗaukar kansa da waya. Shi ya sa da wani daga cikinku ya tambaye ni wace kyamara ce ta dace da mai koyo, na yi dariya ni kaɗai. Ni ba gwani ba ne. Amma zan iya ba ku labarin yadda na zaɓi tawa ta farko, da girmana da furfurata, da kuma inda ta kai ni.

Rayuwata a kan hanya na yi ta. Harkar fatu da ƙiraga ta kai ni Yamai da Agadas da Kwatano, daga baya na yi wa 'yan kasuwa tafinta a Khartum da Jidda da Alƙahira. Bakina ya iya Faransanci da Larabci da Turanci, ga Fillanci na gida. A yawon nan akwai abin da nake yawan tsayawa kallo, wato yadda uwaye ke tarbar 'ya'yansu. A filin jirgin Alƙahira na ga wata tsohuwa ta kama kumatun ƙaton ɗanta mai gemu tana ja tana kuka. A Kwatano na ga wata ta taka rawa a tashar mota don kawai ɗanta ya sauko daga bas. Ni kuwa in na dawo daga doguwar tafiya, na isa ƙauyenmu da ke gefen Badarawa, na durƙusa na gaida mahaifiyata, sai ta juya ta fuskanci turmi, ta amsa wa turmin.

Ba ƙiyayya ba ce. Ni ne ɗan fari, ita kuma Bafulatana ce ta ainihi, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zame musu kamar farilla. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Inna, mahaifiyar tawa, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana ido da ido ba. In za ta ambace ni sai ta ce "mutumin Kaura". In tana so in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, autarmu, "Ki kai akushi zaure, ko wani zai wuce." Ni ne wanin. Ƙanwar tawa kuwa a jikin Inna take kishingiɗa, alhali ita ma ta yi jikoki.

Ban daɗe da ajiye tafiye-tafiye ba yayar Inna ta rasu. Muka nemi hotonta a duk dangi, ba mu samu ba sai na katin zaɓe, wanda ba ka bambance hanci da baki. Abin ya tsaya mini a rai. Na dubi Inna, ita ma ta fara dogara sanda. Na ƙudura sai na sami hotonta mai kyau, fuska sosai, kuma ni zan ɗauka da hannuna.

"Yaya, ga hotunanta nan cikin wayata," in ji ƙanwata. "Har da wanda take dariya."

Na duba. Wayoyin lokacin hotonsu kamar an shafa masa koko. Ko da ma sun fito, ba ni take yi wa dariyar ba. Ban faɗi haka ba, na ce hoton waya ba ya daɗewa.

Matsalar dai a fili take. Yaya za ka ɗauki fuskar wadda ke ba ka ƙeya da zarar ka yi sallama?

Na kai maganar wurin abokina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin da bai taɓa riƙe kyamara ba amma bai taɓa rasa amsar tambaya ba.

"Wanga ai sauƙi gare shi," in ji shi. "Akwai wadda Turawa ka ɗaukar zaki da ita. Shina can gindin dutsi, kai kana nan, ta jawo maka shi har ka ga gashin bakinai. Ita za ka saye."

"Inna ce fa, ba zaki ba."

"To wanne ya fi maka wuyar kusanta?"



Tare muka tafi Kano. Mai shagon ya jera mana iri-iri a kan tebur. Akwai 'yar ƙarama mai shiga aljihun gaba, wadda raina ya fara kwanta mata. Abokina ya ɗage ta da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya ce mutumin da ya zagaya duniya ba zai shiga ƙauyensu da sabulu ba. Sai muka koma kan wata babba, baƙa, mai nauyi, irin wadda ake cire mata ido a ɗaura wani. Idon shi ne gilashin nan na gaba mai kamar gwangwani, kuma ashe shi ma zaɓensa ake yi daban.

"Alhaji, me za a riƙa ɗauka?" in ji mai shago. "Biki ne, ko yara, ko gona?"

Kafin in buɗe baki abokina ya amsa. "Abu na mai gudun mutane. Da ya gan shi sai shi juya."

"To, na daji ke nan," in ji mai shago, ya shiga ciki ya fito da wani ido mai tsawon damtsena.

Ya ɗaura shi, na fita ƙofar shago na gwada. Can tsallaken titi akwai mai shayi, da ƙyar nake hango shi. Na saita, sai ga ƙuda a kan burodinsa yana wanke hannu. Na ce shi ke nan, an gama. A cikin kwalin kyamarar akwai wani gajeren ido da ke zuwa tare da ita, bai fi gwangwanin madara ba. Abokina ya ce gyara ce, kamar yadda mai gyaɗa ke ƙara maka 'yan ƙwayoyi bayan ya auna. Na jefa shi ƙasan jaka.

Kyamarar tana da hanya biyu ta dubawa. Ko ka kanga idonka a wata 'yar taga da ke samanta, ta rufe maka fuska, ko ka riƙe ta nesa da kai kana kallon gilashin baya kamar talabijin. Na sha ganin masu yawon buɗe ido a Alƙahira suna miƙa hannu suna kallon gilashi, don haka na yanke cewa leƙe ta taga aikin mutanen da ne. Ga shi kuma tana ture mini hula.

Na koyi hannu a Kaura. Na ɗauki lasifikar masallaci, na ɗauki shirwa a kan rimi, na ɗauki ƙadangaren katangarmu har uwargida ta ce tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa yi mata kallon da nake yi wa ƙadangaren nan ba. Da aka gama girbi na kama hanyar Shinkafi zuwa ƙauyenmu. Lokacin ana bin hanyar, sai dai an fara jin labarin ɓarayin shanu, mutane sun fara kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Gidan Inna ƙarami ne. Ɗakuna biyu, rumfa, turken awaki, sai rufewa, babban rumbun ƙasa ke nan, a kusurwa, jingine da katangar maƙwabcinmu. Maƙwabcin nan taubashina ne, ɗan kawuna, tun muna yara yake kirana bawansa, ni ma haka.

Da hantsi Inna ta zauna a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Na fito da kyamara na ce kaji zan ɗauka. Na faki ido na karkata ta wajenta. Gilashi ya cika da kunne. Kunne kawai, da ɗan kunne. Na ja da baya, sai ga kunne da rabin kunci. Na ƙara ja, idon ya riƙa kai da komowa yana ƙugi, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na ƙara ja har na ji abu yana jan rigata, ashe na shiga turke, bunsuru ya kama bakin rigar yana tauna. Inna kuwa tuni ta gyara zama ta ba ni baya.

Ƙanwata ta riƙe ciki don dariya. "Yaya, wagga aba taka ta mutanen nesa ta. Ka koma Shinkahi ka ɗauko Inna daga can."

Wasa take yi, amma ni na ɗauki maganar. Nisa nake nema, gidan kuma ba shi da nisa sai ta sama. Na ɗaga kai na ga rufewa. An ɗage jinkarta don sabon gero ya sha iska, tsani na jingine. Na jira har ƙanwata ta shiga madafa, na rataya kyamara, na naɗe babbar riga, na hau. Na zauna a bakin rufewar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, hannun hagu ya dafe baki, na dama ya ɗaga kyamara.

Sai ga fuskar Inna gaba ɗaya a gilashi. Ba ta san ina can ba, ta juyo da gabanta, kanta a sunkuye a kan gyaɗa.  Ɗagowa kawai nake jira. Amma idon nan nauyi gare shi, hannu ɗaya ba ya riƙe shi. Ya fara rawa, bakinsa ya riƙa zamewa yana karkata ta kan katanga.

Abin da na manta, duk da ƙasashen da na gani, shi ne abin da kowane ɗan ƙauyenmu ya sani. Namiji ba ya hawa rufewa sai ya ɗaga murya ya sanar, don daga can ana ganin tsakar gidan maƙwabta. A gidan taubashina kuwa mata na zaune ana kitso, kawuna a buɗe. Ɗaya ta ɗaga kai ta ga hula da wani baƙin bututu ya leƙo.

"Wayyo Allah! Bindiga! Mutum bisa ruhewa da bindiga!"

Na ɗaga hannu in ce ni ne. Hannun da na ɗaga shi ne wanda ke riƙe da ni.

Wanda bai taɓa faɗawa cikin sabon gero ba bai san ƙaiƙayi ba. Ya shiga wuya, ya shiga hammata, ya shiga inda ba zan rubuta ba. Rufewa kuma bakinta ƙarami, cikinta faɗi, geron bai kai rabi ba, ko na miƙe hannuna ba ya kai baki. Ina jin gudu, ina jin sanduna, sai muryar taubashina.

"Wa ke ciki? In ɓarawo na, shi yi kalmar shahada!"

Harsuna da yawa nake da su, amma abin da ya fito atishawa ce.

Tsani ya motsa, kan taubashina ya rufe hasken. Ya daɗe yana kallona.

"La ilaha illallahu. Jama'a ku aje sanduna. Ɓera na, amma ɓeran ya je Makka."

"Fitar da ni, bawan banza, ka bar surutu."

"Sai ka gaya man mi kaka nema. Mutum ya je Misira, ya je Jidda, bai ga abin kallo ba sai matana na kitso?"

"Inna nake ɗauka!"

"Inna na ga ta can. Hancin bindigarka kuwa gidana ya dosa. Ina da shaidu, kitsonsu ma ba a ƙare ba."

Mutanen da suka taru suka kwashe da dariya. Cikin hayaniyar na jiyo muryar Inna, a hankali, kamar tana maganar ruwan sama. "Auta, ki ce musu su hidda abin da ya faɗa ciki da sauri, kar shi ɓata man hatsi."

Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa lokacin da na faɗa, Inna ta miƙe tsaye ba sanda, ta taho har tsakiyar gida, gyaɗar ta watse ko'ina. Sai da ta ji atishawa ta koma ta zauna, ta tuna da hatsi.

Da igiyar guga aka jawo ni. Ni ban karye ba, amma gilashin bayan kyamara ya tsage ya yi baƙi ƙirin, dogon idon kuma ya sha ƙaiƙayi ya ƙi juyawa. Na tsaya bayan katanga na ba matan haƙuri, suna amsawa suna ƙyalƙyala dariya. Da na koma zaure na tarar da ruwan zafi da ɗan kasko na man shanu. Ƙanwata ta ce an ce a ajiye, ko wani zai wuce.

Ranar na yanke ƙauna. Na ce gobe in koma Kaura, in bar wa masu waya hoto. Amma taubashina ya ce ba a leƙa gidansa a tafi haka nan. Tararsa ita ce in ɗauke shi hoto shi da ragon da yake kiwo, a wanke babba, kuma a tsakar gidan Inna za a yi, inda aka aikata laifin.

Washegari bayan la'asar ya shigo da rawani da rago. Na zazzage jaka na tono gajeren idon nan na gyara daga cikin safa, na ɗaura. Tun da gilashin baya ya mutu, dole na tura hula baya, na kanga idona a 'yar tagar, na runtse ɗayan. Kyamara ta rufe mini fuska.

Wannan idon ba ya jawo komai. Yadda gidan yake haka ya nuna mini shi: ga taubashina yana hura hanci, ga rago, ga rumfa. Can bayan kafaɗarsa kuma ga Inna a kan tabarma, tana kallona.

Ba satar kallo ba. Kai a ɗage, ido a buɗe, tsaf a kaina. Na ɗauka kuskure ne, yanzu za ta juya. Ba ta juya ba.

Na taka ɗaya, fuskata a rufe. Na ƙara ɗaya.

"Kai, bawa, ni ina nan!" in ji taubashina. "Ragon ma shina nan! Ina za ka?"

Na wuce shi. Na riƙa matsawa kaɗan-kaɗan kamar mai son kama kurciya, har na durƙusa a bakin tabarma. Idon Inna ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne mai haske, irin na 'yata ta biyu, wanda kullum nake tambayar inda ta samo shi. Akwai ɗan tabo a saman girarta ta hagu. Na kai wannan shekaru ban san da shi ba. Na danna.

"Inna!" in ji ƙanwata. "Kin dube shi!"

"Wa?" in ji Inna, ba ta ɗauke ido ba. "Ni kwalba nika kallo. Akwai mutum nan?"

Ƙanwata ta dube ni, ta dube ta. "Babu, Inna."

"To."

Ban sauke kyamarar ba. Ko gidan zai kama da wuta ba zan sauke ba. Inna ta karkata kai tana dubawa, daga hula har gemu.

"Auta, wagga kwalba ta yi hurhura."

"Ta yi, Inna."

"Kuma ta rame. Ba su ba ta abinci Kaura?"

"Suna ba ta. Yawo ya yi mata yawa."

"Goshin ubanta ta ɗauko." Ta shafa ɗan kwalinta. "Ki ce mata ta dakata in sake ɗan kwali. Wanga na ɓarar gyaɗa na."

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kwalin da na kawo mata daga Jidda tun da daɗewa, wanda na ɗauka ta bayar. Ta zauna ta gyara shi, ta dubi kwalba. Na danna, na danna, na danna. Da na sauke kyamarar don in share ido, saboda ƙaiƙayin jiya bai gama fita ba, nan take ta juya ta fuskanci turmi.

Tun da gilashi ya mutu, ban san abin da na ɗauka ba. Haka na dawo Kaura da katin kyamarar a aljihu ina dafa shi kamar laya. A shagon wankin hoto muka zauna gaban kwamfuta ana wucewa ɗaya bayan ɗaya: kunne, kunne, katanga, gemun bunsuru, sama, sai wani baƙi mai ɗigo-ɗigo da na gane cikin rufewa ne. Mai shagon ya fara yi mini kallon tausayi. Sai ga Inna. Fuska sosai, ido cikin ido. Na ce ya tsaya nan, na roƙe shi kujera.

Hoton taubashina ma ya fito. Akwai gwiwar hannunsa da bayan rago. Na wanke masa babba kamar yadda ya nema, har yau yana cewa ban biya tara ba. Abokina kuwa bai taɓa yarda shawararsa ta ɓaci ba. Ya ce da ba don dogon ido ba da ban hau rufewa ba, da ban hau ba da ban faɗa ba, da ban faɗa ba da gilashi bai mutu ba. Na duba maganar ta kowane gefe ban sami inda zan kama shi ba.

To, mai tambaya, ga abin da zan iya ce maka. Kafin ka tambayi wace kyamara, ka tambayi kanka wa za ka ɗauka, kuma a ina za ka tsaya. In tsuntsayen fadama kake so, nemi dogon ido da abin da za ka ɗora shi a kai. In mutanen gidanku ne, gajeren nan da ke zuwa cikin kwali ya ishe ka shekaru, sauran aikin na ƙafarka ne. Ka nemi mai 'yar tagar leƙe. Kada ka tafi shago da abokin da ke amsa tambaya kafin kai. Kuma in za ka hau rufewa, ka ɗaga murya.

Na gyara abubuwa da yawa a jikin kyamarar nan daga baya, amma ban sake sauya mata ido ba. Da hanya ta lalace saboda ɓarayin nan muka dawo da Inna Kaura, ta yi sauran shekarunta a gidana. Kullum bayan la'asar sai in rataya kyamara in je ɗakinta, in durƙusa, in kanga ido. Wani lokaci batir ya mutu, wani lokaci ko kati babu a ciki. Ita ma ta sani. Ta ba kwalba labarin ranar da aka haife ta, da zazzaɓin da ya kusa kashe ta tana jaririya, da yadda wata mata take laɓewa bayan danga tana kallonta tana koyon tafiya a gidan kaka.

Har Allah ya karɓi abarsa Inna ba ta kira sunana ba, kuma in na sauke kyamara turmi take nema. Amma tun daga la'asar ɗin nan ta rago, ni da mahaifiyata muna kallon juna.